Bin na gaba da iyakarsa

Tun muna ƙanana ake cusa mana cewa bin na gaba bin Allah ne, kuma duk wanda ya taɓa riƙon yaro ko ya shugabanci ko da mutum uku ya san cewa maganar tana da tushe. Da a ce kowane direba zai tsaya yin muhawara da fitilar kan hanya, ko kowace ma'aikaciyar jinya ta ce sai an gamsar da ita kafin ta ba maras lafiya maganin da likita ya rubuta, da zaman tare ya gagara tun kafin azahar. Mafi yawan alherin da muke mora a kullum ya ginu ne a kan mutanen da suke aikata abin da aka ce su aikata ba tare da sun nemi a yi musu dogon bayani ba. Saboda haka ba na cikin masu ganin cewa kangara ita ce wayewa, ko kuwa duk wanda ya ɗaga murya a gaban shugaba ya zama gwarzo. Abin da ya dame ni shi ne yadda muke koyar da biyayya tamkar ba ta da iyaka, alhali kuwa idan aka bi tarihin manyan ta'asa a duniya, za a tarar cewa hannayen da suka aikata su na masu biyayya ne.

A shekarar 1961 aka gurfanar da Adolf Eichmann a gaban kotu a birnin Ƙudus. Shi ne jami'in gwamnatin Nazi ta Jamus da ya tsara jigilar Yahudawa a jiragen ƙasa zuwa sansanonin da aka hallaka su a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Hujjar da ya riƙe har aka rataye shi a 1962 ita ce shi bawan umarni ne, an ce ya yi ya yi. Shekara 15 kafin nan, kotun Nuremberg da ta yi wa manyan jami'an Nazi shari'a a tsakanin 1945 da 1946 ta riga ta kafa ƙa'idar cewa bin umarnin na sama ba ya wanke mutum daga laifi, iyakacinsa a duba shi wajen sassauta hukunci. Wannan ƙa'ida tana da nauyin da ba kowa ke lura da shi ba, domin ma'anarta ita ce doka da kanta ta yarda cewa akwai ranar da ya zama wajibi a kan soja, wanda duk aikinsa biyayya ce, ya ce ba zai yi ba.

A wannan shekarar ta shari'ar Eichmann ne wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Yale ta Amurka, Stanley Milgram, ya fara wani gwaji don ya ga iya inda mutumin kirki zai kai idan aka umarce shi da cutar da wanda bai yi masa komai ba. Ana zaunar da mutum a gaban wata na'ura mai maɓallai 30, na farko an rubuta masa bolt 15, na ƙarshe bolt 450, sai a ce masa akwai wani ɗalibi a ɗaya ɗakin da aka ɗaura wa waya a hannu, duk lokacin da ɗalibin ya yi kuskure a amsa tambaya sai ya danna maɓalli na gaba, wutar lantarki ta ja ɗalibin. A gaskiya babu wata wutar lantarki, ɗalibin ma abokin aikin masu binciken ne, amma mai danna maɓallin bai san haka ba. Mutanen da aka gwada ba mugaye ba ne. Wasu gumi ya jiƙe su, wasu hannunsu na rawa, wasu suna juyowa suna roƙon a je a duba lafiyar ɗalibin. Shi kuwa mai kula da gwajin, sanye da doguwar rigar ɗakin bincike, ba ya tsawa, ba ya barazana, cewa kawai yake yi a ci gaba, gwajin yana bukatar a ci gaba. Daga cikin mutum 40 da aka fara da su, 26 sun danna har maɓallin ƙarshe.

An soki wannan gwaji ta fuskoki da dama, musamman a kan irin halin ƙuncin da aka jefa mutanen a ciki, kuma sukar tana da hujja. Amma akwai wani sashe nasa da ba a cika ambata ba, wanda a ganina ya fi sauran muhimmanci. Da aka sake tsarin, aka zaunar da mai danna maɓallin tare da wasu mutum biyu waɗanda suka tashi a tsakiyar aikin suka ce sun daina, sai ya zama mutum 4 kacal cikin 40 ne suka kai ƙarshe. Ashe da yawa daga cikin masu biyayyar nan zuciyarsu ta daɗe da ƙin abin, abin da suka rasa shi ne wanda zai fara buɗe musu ƙofa. A nan ne amfanin mai bijirewa na farko yake: kafin ya yi magana kowa yana ɗauka cewa babu zaɓi, bayan ya yi magana kuwa kowa ya gane cewa ci gaba da aikin ma zaɓi ne, kuma shi zai ɗauki alhakinsa.

Daga nan ne maganar take shiga fagen ɗabi'a. Ba ma yabon wuƙa don ta yanka abin da aka sa ta yanka, ba ma zarginta kuma, domin ba ta da ikon ƙi. Yabo da zargi suna hawa kan wanda yake da hanya biyu a gabansa. Mutumin da zai bi umarni na alheri yau, gobe kuma ya bi na sharri da irin wannan saurin, ba za a ce yana da kyakkyawar ɗabi'a ba, sai dai a ce ya yi sa'ar samun shugaba nagari a ranar farko. Biyayyar da take da daraja ita ce ta wanda ya auna, ya ga abin ya dace, ya bi, kuma wanda aka san cewa akwai iyakar da idan aka kai ta zai tsaya. Malaman Musulunci sun daɗe da fayyace wannan. Ya tabbata a hadisi cewa wani kwamandan runduna ya fusata da mutanensa, ya sa suka hura wuta, sannan ya umarce su da su shiga cikinta, yana kafa musu hujja da cewa an umarce su da yi masa ɗa'a. Suka tsaya suna kallon juna, suka ƙi shiga. Da labari ya isa ga Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, sai ya bayyana cewa da sun shiga da ba su fita ba, kuma ɗa'a tana cikin abin da yake na alheri ne kawai.

Sai dai a cikin wannan addini ne kuma aka ba mu labarin Iblis, wanda shi ma ya ce a'a. Saboda haka furta kalmar ba shi ne abin dubawa ba. Iblis ya ƙi ne don yana ganin ya fi wanda aka ce ya yi wa sujada, wato babu abin da yake sama da ƙin nasa sai girman kansa. Mutanen da suka ƙi shiga wuta kuwa sun saɓa wa kwamanda ne don suna bin wanda yake sama da kwamandan. Duk bijirewar da ta amfani ɗan Adam, idan aka tona ta, za a tarar biyayya ce ga wani abu mafi girma daga umarnin da aka saɓa, ko dai Allah, ko gaskiyar da ido ya gani, ko alkawarin adalci da hukumar da kanta ta ɗauka ta kuma karya.

Mutum biyu da suka rayu a zamani da al'umma mabambanta sun nuna yadda wannan yake a aikace. A birnin Atina na Girka, lokacin da wasu azzalumai 30 suka karɓe mulki, sun aiki masanin falsafa Socrates tare da wasu mutum huɗu su kamo wani bawan Allah don a kashe shi. Huɗun suka tafi, shi kuwa ya kama hanyar gidansa. Amma a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa, da kotun birnin ta yanke masa hukuncin kisa bisa zargin ɓata tarbiyyar matasa da raina gumakan gari, abokansa suka shirya masa hanyar tserewa, sai ya ƙi gudu, ya sha gubar da aka miƙa masa. Haka kuma Imam Ahmad bin Hambal, a fitinar da Halifa Ma'amun ya fara a shekara ta 218 bayan Hijira, wato 833 Miladiyya, lokacin da aka tilasta wa malamai su furta cewa Alƙur'ani halitta ne. Malamai da yawa sun furta don su tsira da rayukansu, shi kuwa ya ƙi, aka tsare shi sama da shekara biyu, aka yi masa bulala a zamanin Halifa Mu'utasim. Duk da haka an ruwaito cewa da wasu suka zo masa daga baya da shawarar a yi wa halifa tawaye, sai ya hana su, yana tsoron zubar da jinin jama'a. Dukansu biyu sun bambance tsakanin ƙin sa hannunsu a cikin ɓarna da kuma rushe hukumar gaba ɗayanta, kuma dukansu sun yarda wahalar ƙin nasu ta faɗa a kan jikinsu maimakon ta faɗa a kan wasu.

A fagen ilimi ma haka abin yake, domin kusan kowane sabon sani yana farawa ne da ɗalibin da ya ƙi yarda da abin da ya tarar a littafi. Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajejen shekara ta 965 ya kuma rasu a Alƙahira, ya tarar da wasu manyan masanan Girka suna cewa ido ne yake fitar da haske ya je ya taɓa abin da ake gani, sai ya bi ta hanyar gwaji ya nuna cewa hasken ne yake shigowa cikin ido. Galileo, masanin taurari ɗan Italiya, ya tsaya a gaban kotun cocin Katolika a 1633 saboda ya goyi bayan cewa duniya ce take kewaya rana, ya ƙare rayuwarsa a tsare a gida. Wanda labarinsa ya fi taɓa ni shi ne Ignaz Semmelweis, wani likita ɗan ƙasar Hangari da ke aiki a babban asibitin Biyana. Ya lura cewa mata masu jego sun fi mutuwa da zazzaɓi a sashen da likitoci da ɗalibansu ke karɓar haihuwa fiye da sashen ungozoma, ya kuma lura cewa likitocin kan taso daga ɗakin binciken gawa su wuce kai tsaye wurin masu naƙuda. A 1847 ya sa dole kowa ya wanke hannu da ruwan sinadarin kilorin kafin ya taɓa mace, mace-macen suka ragu ƙwarai cikin 'yan watanni. Manyan likitocin zamaninsa suka ɗauki abin a matsayin cin fuska, domin karɓar maganarsa yana nufin amincewa da cewa hannayensu ne suke kashe matan. Ya mutu a gidan masu taɓin hankali a 1865, kafin duniya ta gane cewa shi ne mai gaskiya.

Ya kamata a yi hattara a nan, domin mutane da yawa suna karanta irin waɗannan labarai su ɗauka cewa duk wanda masana suka ƙi maganarsa to shi ne Galileon zamaninsa. Ba haka ba ne. A kan kowane mutum ɗaya da ya saɓa wa malamansa ya yi daidai, akwai ɗimbin waɗanda suka saɓa suka yi kuskure, tarihi bai riƙe sunayensu ba. Semmelweis yana da littafin asibiti a hannunsa, da adadin matan da suka haihu da waɗanda suka mutu wata bayan wata, kuma kowa yana iya zuwa ya ƙirga. Ya saɓa wa manya ne don ya bi hujja, hujjar kuma a fili take ga mai son dubawa.

A siyasa ne aka fi ganin ƙarfin wannan al'amari. Ranar 1 ga Disamba 1955, a birnin Montgomery na jihar Alabama ta Amurka, wata mai ɗinki 'yar shekara 42 mai suna Rosa Parks ta taso daga aiki ta shiga motar bas, ta zauna a layin farko na kujerun da aka yarje wa baƙaƙen fata. Da kujerun farare suka cika, direba ya zo ya ce mutum huɗun da ke wannan layi su tashi. Uku suka tashi. Ita kuwa ta matsa jikin taga ta ci gaba da zamanta, direba ya ce zai kira 'yan sanda, ta ce ya kira. Ana yawan ba da labarin kamar gajiya ce kawai ta hana ta tashi, alhali ta yi shekaru tana sakatariyar reshen ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata na garin, ta san dokar da ta karya, ta kuma san abin da zai biyo baya. Wata tara kafin nan an kama wata yarinya 'yar shekara 15, Claudette Colvin, a kan irin wannan laifin. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma abin da ya mayar da zaman mace ɗaya ya zama sauyin doka shi ne jama'ar da ta shirya: baƙaƙen fatar garin suka ƙaurace wa motocin har kwana 381, suna tafiya aiki a ƙasa ko suna rage wa juna hanya, har Kotun Ƙoli ta Amurka ta tabbatar a ƙarshen 1956 cewa wariyar da ake yi a motocin ta saɓa wa tsarin mulki.

Shekara 25 kafin haka Gandhi ya yi makamancin wannan a Indiya. Ya rubuta wa wakilin Sarkin Ingila wasiƙa ya sanar da shi cewa zai karya dokar da ta hana Indiyawa haƙar gishiri da kansu, sannan ranar 12 ga Maris 1930 ya tashi a ƙasa da mabiya 78, ya isa gaɓar teku a Dandi bayan tafiyar kwana 24, ya duƙa ya ɗebi gishiri. Kafin shekarar ta ƙare an kama dubban mutane a kan wannan doka. Hikimar da ke ciki ita ce babu mai mulkin da yake mulki da hannunsa kaɗai. Yana bukatar mai karɓar haraji, da mai gadin kurkuku, da direban jirgin ƙasa, da magatakarda, da talakan da zai biya ya yi shiru, kuma ranar da waɗannan suka janye hannunsu sai a ga cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Wasu masu bincike biyu na Amurka, Erica Chenoweth da Maria Stephan, sun bi diddigin gwagwarmaya 323 da aka yi a duniya daga 1900 zuwa 2006, suka samu cewa waɗanda aka yi ba da makami ba sun cim ma burinsu a kusan kashi 53 cikin 100, masu makami kuwa a kusan kashi 26. Babban dalilin da suka kawo shi ne tsoho da mace da ɗalibi duk suna iya shiga ƙauracewa ko yajin aiki, kuma soja ya fi jin nauyin harbin taron da ba ya riƙe da komai.

To amma kada a manta cewa masu kare zalunci ma sun iya bijirewa. Jihohi 11 na kudancin Amurka da suka ɓalle a 1860 da 1861 'yan tawaye ne, kuma sun yi tawayen ne don su ci gaba da mallakar bayi, abin da ya jawo yaƙin da ya ci rayuka sama da 600,000. A watan Yuni 1963 gwamnan Alabama, George Wallace, ya tsaya a bakin ƙofar jami'ar jihar don ya hana ɗalibai biyu baƙaƙen fata shiga, yana saɓa wa umarnin kotu, kuma shi ma yana cewa 'yanci yake karewa. Da shi da Rosa Parks duk sun ƙi bin abin da hukuma ta ce, a jiha ɗaya, a tsakanin shekara takwas. Abin da ya raba su shi ne abin da kowannensu yake nema da kuma wanda zai biya kuɗin ƙin nasa. Ita tana neman a ba kowa abin da aka riga aka ba wasu, ta kuma miƙa hannunta aka kama ta. Shi yana neman a ci gaba da hana wasu abin da yake morewa, kuma waɗanda za su yi asara idan ya ci nasara su ne ɗaliban nan biyu da duk masu zuwa bayansu. Wannan ma'auni bai warware kowace matsala ba, amma ban san wanda ya fi shi amfani ba.

Wasu masana sun ƙara da sharaɗin cewa dole bijirewa ta kasance a fili, mai yin ta kuma ya karɓi hukunci. Sharaɗin yana da kyau a ƙasar da take da kotu da jarida da jama'ar da za a iya farkar da lamirinsu. Amma Harriet Tubman, wadda ta tsere daga bauta a Amurka a 1849 ta kuma riƙa komawa kudancin ƙasar cikin dare tana fito da wasu, da ta yi aikinta a fili da an kashe ta ko an mayar da ita kangi, haka ma waɗanda suka ɓoye Yahudawa a gidajensu a Turai a zamanin Nazi. Su ma sun sa rayukansu a kan layi domin wasu, ɓoyewar kuwa kariya ce ga waɗanda suke ceto.

Tawaye da makami shi ne wurin da nake ganin ya fi bukatar taka-tsantsan. Ba zan iya cewa bai taɓa halatta ba. Bayin da suka tashi a Haiti a 1791 ba su da kotun da za su kai ƙara, ba su da ƙuri'a, doka ma ba ta ƙirga su cikin mutane ba, kuma da jininsu suka kafa ƙasa mai 'yanci a farkon 1804. Nelson Mandela ya yi shekaru yana gwagwarmayar lumana da mulkin wariyar launin fata a Afirka ta Kudu, sai bayan da 'yan sanda suka harbe mutum 69 a Sharpeville a watan Maris 1960 aka kuma haramta ƙungiyarsa ya yanke cewa tura ta kai bango. Amma wanda ya ɗauki makami ya fita daga matsayin mai cewa ba zan yi ba, ya shiga matsayin mai ba da umarni, kuma daga ranar ya fara bukatar irin biyayyar da ya tashi yana yaƙa. Juyin juya halin Faransa na 1789 ya fara da shelar haƙƙin ɗan Adam, bayan shekara huɗu sai ga shi yana fille kawunan dubban mutane, har ya ci Robespierre, ɗaya daga cikin jagororinsa, a 1794. 'Yan Khmer Rouge na Kambodiya sun fito daga daji a matsayin masu 'yanto talakawa, suka karɓi mulki a 1975, kafin a kore su a farkon 1979 mutum fiye da miliyan ɗaya da rabi sun hallaka, kuma a ƙarƙashinsu ko tambaya ba a yi wa ƙungiya. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Idan ana son a san abin da ƙungiyar tawaye za ta zama ranar da ta hau mulki, sai a duba yadda take yi da ɗanta da ya ce mata a'a tun tana daji. Gandhi ya fahimci wannan haɗari: a 1922, da magoya bayansa suka ƙone ofishin 'yan sanda a Chauri Chaura suka kashe sama da mutum 20, ya dakatar da gwagwarmayar gaba ɗaya, duk da ɓacin ran abokan tafiyarsa.

Wani abin da ya kamata a faɗa shi ne muna girmama masu bijirewa ne bayan ƙura ta lafa, a ranar da suka yi abin kuwa maciya amana muke kiransu. Ranar 16 ga Maris 1968 sojojin Amurka suka shiga ƙauyen My Lai na Biyetnam suna kashe mata da yara da tsofaffi, waɗanda hukumomin Biyetnam suka ƙiyasta adadinsu a 504. Wani matuƙin jirgi mai saukar ungulu, Hugh Thompson, ɗan shekara 24, ya hango gawarwaki daga sama, ya sauke jirginsa a tsakanin sojojin ƙasarsa da wasu 'yan ƙauyen da suke bi, ya ce wa abokan aikinsa biyu su buɗe wuta idan sojojin suka harbi mutanen, sannan ya sa aka kwashe su zuwa wuri mai aminci ya kuma kai rahoto. Da labarin ya fito, wasiƙun zagi da barazanar kisa ya riƙa samu, alhali jami'i ɗaya tilo da kotu ta kama da laifin kisan yana samun goyon bayan jama'a da dama. Sai a 1998, bayan shekara 30, rundunar sojan Amurka ta ba shi lambar yabo a kan ainihin abin da ya yi a wannan rana. Al'ummar da take son samun irin wannan mutum a ranar bukata dole ta jure wa ƙananan saɓani a ranakun lafiya, wato ɗalibin da ya tambayi dalili, da ƙaramin ma'aikacin da ya ce ba zai sa hannu a takardar da ya san ƙarya ce ba. Idan ana karya irin waɗannan tun suna tsiro, kada a yi mamaki in an neme su a ranar tsanani an rasa.

Akwai kuma wata sabuwar damuwa da magabata ba su fuskanta ba. Duk zaluncin da aka yi a da sai da ya ratsa ta hannun mutane masu yawa, kuma kowane hannu dama ce ta a samu mai ƙi. Yanzu kuwa ayyuka da dama na sa ido, da tantance wanda za a ba da wanda za a hana, har da na kai hari, suna komawa hannun kwamfuta da jirage marasa matuƙa, waɗanda ba sa gumi, hannunsu ba ya rawa, ba sa juyowa su roƙi a je a duba lafiyar wanda ke ɗaya ɗakin. A daren 26 ga Satumba 1983, a wata cibiyar soja da ke kusa da Mosko, na'urar gargaɗi ta Tarayyar Sobiyet ta nuna cewa Amurka ta harbo makami mai linzami, bayan 'yan mintoci ta ƙara nuna wasu huɗu. Jami'in da ke bakin aiki, Laftanar Kanar Stanislav Petrov, tsarin aiki ya tanadi ya sanar da na sama cewa an kawo hari, a lokacin da dangantakar ƙasashen biyu ta yi tsamin da ramuwa da makaman nukiliya ba abu ne mai nisa ba. Ya yi tunanin cewa wanda zai fara irin wannan yaƙi ba zai fara da makamai biyar ba, ya ɗaga waya ya ce na'urar ce ta yi kuskure, alhali allon da ke gabansa yana nuna akasin haka. Daga baya aka gano cewa hasken rana ne da ya haska saman gajimare ya ruɗi tauraron ɗan Adam. Ba a ba Petrov lada ba a lokacin, tuhumarsa aka yi a kan cewa bai cike littafin aiki yadda ya kamata a wannan dare ba, kuma duniya ba ta ji labarin ba sai bayan rushewar Tarayyar Sobiyet. Ƙasashe da dama suna rige-rigen ƙera makaman da za su zaɓi abin hari da kansu, kuma ana ta tattaunawa a Majalisar Ɗinkin Duniya a kan ko za a wajabta barin mutum a kujerar da Petrov ya zauna a kai a wancan dare.